Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Sharhi a kan Fihirisa da Rumbunan Bayanai wajen Binciken Tarihin Muhallin Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A zamanin da ya wuce, ɗalibin da yake son ya san abin da aka rubuta a kan wani fanni ba shi da makawa sai ya tafi laburare da ƙafarsa, ya tsaya gaban akwatunan kati, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya dace da abin da yake nema. Yanzu kuwa yawancin manyan laburarori sun zuba fihirisarsu cikin kwamfuta. Akwai fihirisar haɗin gwiwa irin WorldCat wadda ta tattara sunayen littattafan dubban laburarori na duniya, akwai kuma rumbunan bayanai irin JSTOR waɗanda suka ƙunshi maƙalun mujallu tun daga fitowarsu ta farko. Ko shakka babu wannan ci gaba ne, domin abin da a da yakan ci wata guda ana nema, yau ana iya samunsa kafin a sha ruwa.

To, amma sauƙin ya zo da wata illa wadda ake gani a kundayen digiri da yawa. Ɗalibi zai rubuta kalma biyu ko uku a injin nema, abin da ya fito ya ɗauke shi a matsayin iyakar abin da aka sani, abin da bai fito ba kuma ya yanke hukunci cewa babu shi. Daga nan sai a ga jimlar nan da aka saba gani a babin bitar ayyukan da suka gabata, wato cewa ba a taɓa yin wani aiki a kan wannan batu ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta auna waɗannan kayan aiki, ta nuna inda suke da ƙarfi da inda suka gaza. An zaɓi tarihin fari da yunwa da itatuwa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta a matsayin abin gwaji, saboda fanni ne da shaidunsa suka warwatsu cikin harsuna huɗu aƙalla, wato Larabci da Hausa da Ingilishi da Faransanci, kuma fanni ne da kuskure a cikinsa ba ya tsayawa a takarda, yakan kai har gonar talaka.

2.0 Yadda Fihirisa Take Rarraba Ilimi

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, fihirisa aikin mutane ce, kuma an tsara ta ne bisa ga yadda masu tsarawar suke kallon duniya. Tsarin Dewey, wanda ya fara fitowa a 1876, da tsarin Laburaren Majalisar Amurka, su ne yawancin laburarorin jami'o'i suke bi. A tsari na biyun, tarihin Nijeriya yana ƙarƙashin lamba DT515, na Jamhuriyar Nijar kuma yana DT547. Ke nan Katsina da Maraɗi, waɗanda tarihinsu ɗaya ne, daminarsu ɗaya, kasuwar hatsinsu ɗaya, an raba su kanta daban-daban bisa ga iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20. Harshen Hausa da adabinsa suna can wajen PL8231 zuwa gaba kaɗan. Ilimin gandun daji yana SD, yanayin sama yana cikin QC, fiƙihu yana KBP. Fari kuwa bai san waɗannan iyakoki ba. Idan ruwa ya ɗauke a Damagaram, mutanenta Kano da Haɗeja suke gangarowa, kuma labarin abin da ya same su zai iya kasancewa a rahoton Faransanci, ko a wasiƙar Larabci, ko a waƙar baka.

Misalin da ya fi fito da wannan matsala fili shi ne na rubuce-rubucen malaman jihadi. Abdullahi ɗan Fodiyo yana da ɗan littafi mai suna Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Duk wanda yake nazarin yadda ake saran daji, da keɓe hurumi, da raba ƙasa tsakanin noma da kiwo a daular Sakkwato, yana bukatar wannan littafi. Amma a fihirisa sunansa fiƙihu, saboda haka mai neman kalmar muhalli ba zai taɓa cin karo da shi ba. Haka kuma Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda aka kammala a 1812, an san shi da tarihin jihadi, alhali kuwa a farkonsa akwai bayanin ƙasashe da albarkatunsu. Laifin ba na mai fihirisa ba ne gaba ɗaya, domin ba zai iya ba littafi ɗaya take ashirin ba. Laifin na manazarcin da ya ɗauka cewa taken da aka ba littafi shi ne iyakar abin da ke cikinsa.

3.0 Matsalar Suna da Rubutu

Kwamfuta ba ta san ma'ana ba, haruffa take kwatantawa. Wannan ya sa bambancin rubutu, wanda ɗan'adam yake tsallakewa ba tare da ya kula ba, ya zama katanga. Sunan Hausa kansa ana samunsa a rubuce a matsayin Haussa a wurin Jamusawa da tsofaffin marubutan Ingilishi, da Haoussa a wurin Faransawa, da Houssa a littattafan matafiya na farkon ƙarni na 19. Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya rubuta Katsina a matsayin Kashna, Sakkwato kuma Sackatoo. Zazzau tana fitowa da sunan Zegzeg, Damagaram da sunan Zinder, Barno kuma da Bornu ko Bornou. Wanda ya nemi siga ɗaya kawai ya rufe wa kansa ƙofar sauran.

Sunayen mutane sun fi haka rikitarwa. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga sannan ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich bayani mai tsawo cikin ajami a kan noma da sana'o'i da kasuwancin ƙasar Hausa. Da wuya a sami wata shaida ta ɗan ƙasa da ta kai wannan yalwa a kan tattalin arzikin ƙarni na 19. Amma Douglas Ferguson, wanda ya fassara bayanin a kundin digirinsa na 1973, Imam Imoru ya kira shi. Wasu sun kira shi Umaru Salaga, wasu Umar Krachi, masu fihirisar Larabci kuma suka jera sunansa da na mahaifinsa da nisbarsa. Mutum ɗaya ya zama mutum huɗu, kuma ba kowace fihirisa ce ta haɗe sunayen wuri ɗaya ba.

Sai kuma matsalar da ta keɓanta ga Hausar boko. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka fari na rashin ruwan sama, da fari na launi, da fari na farkon abu, duk siffarsu ɗaya a idon kwamfuta. Fara mai cin amfanin gona ba ta da bambanci da fara ta soma aiki. Wanda ya nemi ɗayan waɗannan kalmomi a cikin tarin jaridu zai sami dubban sakamako waɗanda akasarinsu ba su shafe shi ba. Daɗin daɗawa, na'urar da take karanta hoton shafi ta mayar da shi rubutu takan yi tuntuɓe da haruffa masu lanƙwasa, ta mayar da ƙasa ta zama kasa, ɓari ya zama bari, ko ma ta sa wata alama da ba harafi ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, taska ce ta labarin damina da farashin hatsi da wasiƙun masu karatu daga garuruwa. Amma ko da mutum ya sami hotunan shafukanta, hanyar da ta fi aminci ita ce ya zauna ya karanta fitowa bayan fitowa, daga watan da ake shuka zuwa watan da ake girbi.

Sunayen itatuwa ma ba su tsira ba. J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan ya fitar da babban littafinsa na tsirrai masu amfani a Afirka ta Yamma a 1937. Tun daga lokacin masana tsirrai sun canja sunayen Latin da yawa. Gawo da aka sani da Acacia albida ya koma Faidherbia albida. Kaɗanya da ake kira Butyrospermum parkii ta koma Vitellaria paradoxa. Bagaruwa ta tashi daga Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica. Wanda ya nemi sabon suna kawai zai rasa akasarin abin da ma'aikatan gandun daji na zamanin Turawa suka rubuta, wanda ya nemi tsohon kawai kuma zai rasa binciken baya-bayan nan.

4.0 Yunwa Mai Suna

Talakawan ƙasar Hausa ba da lambar shekara suke riƙe tarihin yunwa ba, da suna suke riƙe shi. Babbar yunwar 1913 zuwa 1914 an fi saninta da Kakalaba, ko da yake wasu yankuna suna da nasu sunan. Ta wajen 1942 ana kiranta 'Yar Gusau, saboda can mutane suka riƙa zuwa neman hatsi. A Jamhuriyar Nijar an laƙaba wa yunwar 1984 sunan El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin soja ta wancan lokaci ta yi a watan Afrilu na shekarar. Kowane suna a cikin waɗannan fassara ce ta abin da ya faru. Yana nuna inda mutane suka nufa, ko abin da suka ci, ko wanda suka ɗora wa alhaki. Amma babu ɗaya daga cikinsu da yake cikin jerin taken fannoni na manyan fihirisa. Ɗalibin da ya ji sunan Kakalaba a bakin kakarsa, ya tafi ya nema bai sami littafi mai wannan take ba, zai iya zaton ba a yi nazarinta ba.

Alhali kuwa an yi. Michael Watts, a littafinsa Silent Violence na 1983, ya haɗa fayilolin Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da hirarrakin da ya yi a ƙasar Katsina, ya nuna cewa ƙarancin ruwan 1913 kaɗai bai isa ya bayyana girman masifar ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, an kuma matsa a biya haraji da kuɗi maimakon hatsi, saboda haka rumbunan da a da ake ajiye tanadin shekara biyu ko uku suka sami fari a wofi. Haka nan yunwar 1942 ba ta rabuwa da hatsin da aka tara na yaƙi, da mutanen da aka kwashe aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos. A ɓangaren Nijar kuma akwai aikin Stephen Baier na 1980 a kan tattalin arzikin Damagaram da Damargu, da na Boureima Alpha Gado na 1993 a kan tarihin yunwa a Sahel, wanda da Faransanci yake. Ɗalibin da bai nemi komai da Faransanci ba ya bar rabin ƙasar Hausa a baya.

Wani abin lura shi ne yadda Watts da ire-irensa suka kai ga shaidarsu. Fayilolin Kaduna an jera su ne bisa ga ofishin da ya haife su: SNP na Sakatariyar Lardunan Arewa, KanoProf na lardin Kano, SokProf na Sakkwato, haka har sauran larduna. Take kuwa na aikin mulki ne. Bayanin yawan rijiyoyi, da irin ƙasar noma, da itatuwan da ke gonaki, da adadin shanu, yana cikin rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi da lissafin jangali. Labarin mutuwar mutane yakan ɓuya a sakin layi ɗaya na rahoton shekara na Razdan, a wurin da yake ba da hanzarin abin da ya sa haraji bai cika ba. Wato mai neman yunwa sai ya nemi haraji. Wannan dabara ba a samun ta daga injin nema, sai daga sanin yadda mulkin ya gudana.

Idan aka koma kafin zuwan Turawa, shaidar ta fi ƙaranci, amma akwai ta. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci yunwa ta shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1582 zuwa 1618. Ya kuma ambaci yadda Sarki Alwali ya tara gero da dawa don tanadi, amma duk da haka yunwa ta cim masa. Sharon Nicholson ta yi amfani da irin waɗannan ambato, tare da na tarihohin Tambutu da bayanan matafiya, wajen sake gina tarihin damina na ƙarnonin baya. A fihirisa kuwa waɗannan littattafai sunansu tarihin sarakuna.

5.0 Labarin Gurgusowar Hamada

A nan ne illar dogara ga abin da ya fara fitowa take bayyana sosai. A 1934 wani shehun malamin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. A 1935 ya buga maƙala a mujallar Geographical Journal yana gargaɗi cewa Sahara tana gangarowa kudu, kuma saran daji da kiwo da noman talakawa ne suke buɗe mata hanya. Maganar ta tayar da hankalin hukumomi har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana gandun daji, wanda ya zagaya yankin a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai sami hujjar da ta tabbatar da zancen Stebbing ba. Brynmor Jones ya mayar da martani a 1938, L. Dudley Stamp kuma a 1940. Daga cikin abin da aka lura da shi har da cewa wanda ya ga ƙasar da rani kawai, lokacin da ciyawa ta bushe iska tana ɗibar rairayi, ba zai san kamanninta da damina ba.

Duk waɗannan maƙalu suna cikin JSTOR. Amma mai nema da kalmar desertification da wuya ya gan su, domin kalmar ba ta yaɗu ba sai bayan da André Aubréville ya yi amfani da ita a littafinsa na 1949. Kalmar da ake muhawara da ita a shekarun 1930 ita ce desiccation. Sakamakon haka shi ne ɗalibi yakan sami ɗaruruwan rubuce-rubucen da suka biyo bayan farin 1968 zuwa 1974, waɗanda da yawansu suka maimaita ra'ayin Stebbing, ba tare da ya san cewa an riga an ƙalubalanci ra'ayin tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba. Bugu da ƙari, yawancin injinan nema suna gabatar da abin da aka fi ambata, saboda haka zancen da ya yi yawa ƙara yawa yake yi, martanin da aka yi masa kuma yana nitsewa ƙasa.

Rumbunan alƙaluma ma suna da irin wannan tarko. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun fara ne a 1972, wato a tsakiyar babban fari. Shekarun 1950 kuwa shekaru ne na ruwa fiye da ƙa'ida a duk Sahel. Wanda ya kwatanta hoton jirgin sama na shekarun 1950 da hoton tauraro na 1973 ko 1984 zai ga lalacewa mai ban tsoro, wanda ya fara lissafi daga 1984 kuma zai ga ƙasa tana ta yin kore. Duka biyun gaskiya suka gani, amma guntuwa. Ma'aunin ruwan sama na Kano, wanda ya faro daga 1905, yana nuna hawa da sauka, har da mummunan faɗuwar 1913. Tafkin Chadi ma haka ne. An san cewa faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, kuma ya ragu ƙwarai a shekarun 1970 da 1980. Abin da ba a cika ambata ba shi ne ayarin Tilho na Faransa, wanda ya yi aikin shata iyaka daga 1906 zuwa 1909, ya tarar da arewacin tafkin ya janye ƙwarai a wancan lokaci. Rahoton yana nan da Faransanci, a ƙarƙashin sunan ayarin.

Ba ana nufin cewa ƙasa ba ta lalacewa ba ne. Zaizaya da ƙarewar daji da gajiyar gona abubuwa ne da manomi ya fi kowa saninsu. Abin da ake nufi shi ne a tantance wuri da lokaci da dalili. Michael Mortimore da abokan aikinsa, waɗanda suka bi ƙauyukan kewayen Kano tun daga shekarun 1960, sun nuna cewa manoman wannan yanki mai cunkoso suna rainon itatuwa a gonakinsu, ba su ƙare su ba. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuma, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma sun raini tohon gawo da sauran itatuwa a filin da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. James Fairhead da Melissa Leach sun nuna a 1996 cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyukan Kissidougou a ƙasar Gini mutane ne suka raine shi, alhali hukumomi sun daɗe suna ɗaukarsa ragowar dajin da aka cinye. Idan manazarci ya gaji labarin cewa talaka shi ne maƙiyin itace, shawarar da zai bayar ita ce a hana, a ci tara, a tsare. Idan ya ga cikakkiyar shaida, zai iya ba da shawarar a bar wa manomi ikon itacen da ya raina. Bambancin shawarwarin nan biyu yana iya farawa daga kalma ɗaya da aka rubuta a injin nema.

6.0 Fihirisar Rubuce-Rubucen Hannu

Wajibi ne a yaba wa waɗanda suka yi hidimar fito da rubutun Larabci da ajami fili. Juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa, wanda John Hunwick ya shirya aka buga a 1995, ya jera marubutan tsakiyar Sudan da ayyukansu da wuraren da kwafe-kwafensu suke. Charles Stewart na Jami'ar Illinois ya kafa rumbun bayanai na rubuce-rubucen hannu na Afirka ta Yamma. Shirin ceton takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki hotunan tarin takardu masu yawa ya sa su inda kowa zai gani kyauta. Jami'ar Boston ta yi irin wannan ga ajami, har da na Hausa. Kafin su kuma akwai aikin tattarawa da aka yi a Ibadan da Zariya tun shekarun 1960, da abin da ke Gidan Arewa a Kaduna, da hukumomin tarihi na Kano da Sakkwato, da cibiyar binciken ilimin ɗan'adam ta Yamai.

Duk da haka, waɗannan ayyuka an gina su ne a kan marubuci da sunan littafi. Takardar da ba ta da marubuci sananne, kamar wasiƙar hakimi zuwa ga sarki, ko takardar rabon gado mai lissafin gonaki da dabbobi, ko ɗan rubutun da wani malami ya yi a gefen shafi cewa a shekara kaza fara ta sauka, yawanci takan shiga ƙarƙashin take na gama-gari. Ga mai tarihin muhalli kuwa waɗannan ƙananan takardu sukan fi manyan littattafai fa'ida. Hoton shafi kuma ba ya nemuwa da kalma, sai an karanta. Saboda haka ɗalibin da bai iya warware rubutun Magaribi da ajami ba, an kawo masa taska har ɗakinsa amma ba shi da mabuɗi.

Akwai kuma giɓin da ya fi kusa da gida. Sassan harsunan Nijeriya da na tarihi da na labarin ƙasa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai sun tara kundayen digiri masu ɗimbin yawa a kan tarihin garuruwa, da waƙoƙin noma, da sunayen tsirrai, da magungunan gargajiya. A cikinsu akwai hirarraki da tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya. Da yawa daga cikin waɗannan kundaye, musamman tsofaffin, ba su cikin kowace fihirisa ta duniya. Wanda ya zauna gaban kwamfuta zai fi saurin samun abin da aka rubuta a Landan game da ƙauyensu fiye da abin da aka rubuta a sashen da yake karatu.

7.0 Abin da Ya Kamata

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da wasu ƙa'idoji. Kafin a fara nema, ya kamata manazarci ya jera duk sigogin sunan wuri da na mutum da na tsiro, cikin kowane harshe, da kuma kalmomin da ake amfani da su a zamanin da yake nazari. Idan ya dace da aiki ɗaya mai kyau, ya bi madogararsa baya, ya kuma bi waɗanda suka ambace shi gaba, musamman masu suka. Kada ya raina littattafan jerin ayyuka da aka buga, irin na Sergio Baldi na 1977 da na Paul Newman na 1996, da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988, domin mutum ne ya karanta ya tace su. Ya nemi shawarar ma'aikatan laburare da na gidajen adana takardu, waɗanda sukan san abin da ke kan kanta wanda bai shiga jeri ba. Matambayi ba ya ɓata. Ya kuma bayyana a kundinsa inda ya nema, da kalmomin da ya yi amfani da su, da ranar da ya nema, domin mai karatu ya san iyakar da'awarsa. Cewa ba a samu ba a wuri kaza magana ce ta ilimi. Cewa babu, magana ce da take bukatar hujja mai nauyi.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sassa da cibiyoyi. Ana bukatar fihirisa guda ta kundayen digiri na jami'o'in ƙasar Hausa, ta Nijeriya da ta Nijar a haɗe, mai taken fannoni da Hausa. Ana bukatar jerin sunayen yunwa da fari da annobar dabbobi gunduma-gunduma, tare da shekarun da suka yi daidai da su, tun da sauran waɗanda suka ji daga bakin waɗanda suka gani. Ana kuma bukatar fihirisar batutuwa ta tsofaffin jaridun Hausa. Waɗannan ayyuka ba su fi ƙarfin ɗaliban digiri na biyu ba idan aka raba musu, kuma masana harshe ne suka fi cancanta su jagorance su, domin matsalar tun asali ta suna ce da ma'ana.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa fihirisa da rumbunan bayanai suna da amfani matuƙa, amma sun fi ganin abin da aka buga da haruffan boko, cikin harsunan Turai, aka kuma ajiye a manyan laburarori. Tarihin da aka gina a kansu kaɗai zai kasance tarihin ƙasar Hausa kamar yadda Razdan da jami'in gandun daji suka gan ta, muryar malami da manomi da makiyayi kuma ta yi ƙasa. An ga yadda wannan ya shafi fahimtar yunwar 1913, da muhawarar hamada ta shekarun 1930, da hawa da saukar Tafkin Chadi. Wanda ya ga sunan littafi a allon kwamfuta ya hango Dala ne. Shiga birnin sai ya karanta Larabci da ajami da Faransanci gwargwadon hali, ya buɗe fayil a Kaduna ko Yamai, ya kuma zauna gaban tsofaffi ya tambaye su sunan yunwar da aka haife su a cikinta.